Idan Gwamnati Ta Buga Gangar Yaƙi, Bakin Wa Ɗan Jarida Zai Saurara?

Duk ɗan jaridar da ƙasarsa ke shirin yaƙi sai ya yanke shawarar wanda zai fara buga wa waya da safe. Lokaci ƙalilan ne, kuɗin zirga-zirga ba yawa, edita kuma yana jira. Wani zai nufi manya, masu ofis a saman bene, waɗanda ko tari suka yi sai ya zama kanun labarai. Wani zai gangara wurin ƙananan ma'aikata, waɗanda su ne ke karanta rahotanni da idonsu amma ba wanda ya san sunansu. Wani kuma zai sami mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya ɗauki maganarsa ya fito da ita da zafinta. A yaƙin Iraƙi na 2003 an bi duka hanyoyin nan uku, kuma daga baya kwamitocin bincike sun tone takardu har aka ga inda kowace ta kai mai binta. Shi ya sa na ɗauko shi don auna su, saboda matasan da ke shiga aikin nan da kuma mai saurare da ke son sanin kafar da zai ba amanarsa.

Da yawa kan ce a duba jam'iyya kawai: mai goyon bayan gwamnati zai yi ƙarya, ɗan adawa zai faɗi gaskiya. Wannan ma'auni bai yi aiki ba a 2002. Gwamnatin George W. Bush ta jam'iyyar Republican ce, amma da aka kawo ƙudirin ba shi izinin yaƙi a watan Oktoba, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 77 a kan 23, kuma sanatoci 29 na jam'iyyar Democrat suna cikin masu amincewa, har da Hillary Clinton da John Kerry da Joe Biden. A Majalisar Wakilai 296 ne a kan 133. An yi ƙuri'ar saura ƙasa da wata guda a yi zaɓen rabin wa'adi, ba ɗan takarar da ke son a ce ya yi sanyi a kan tsaron ƙasa shekara ɗaya bayan harin 11 ga Satumba. A Birtaniya abin ya juye: jam'iyyar Labour ta Tony Blair ce ke jan ragama, 'yan adawa na Conservative suka mara mata baya, sai ga shi 'yan majalisa 139 na Labour ɗin kanta sun bijire, Robin Cook, ɗaya daga cikin manyan ministocin Blair, ma ya ajiye muƙaminsa. Ɗan jaridar da ya saba da tambayar mai mulki ya tambayi ɗan adawa ya ce ya daidaita labari, a wannan karon sai ya tarar manyan ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya.

Hanyar farko, ta majiyar sama, ita ce jaridar New York Times ta fi bi. Ranar Lahadi 8 ga Satumba 2002 ta buga a shafin farko labarin Michael Gordon da Judith Miller cewa Iraƙi na neman sayen dubban bututun alminiyom, waɗanda wasu jami'an gwamnati da ba a ambaci sunansu ba suka ce na tace yuraniyom ne don haɗa bam ɗin nukiliya. A wannan safiyar mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya zauna a gidan talabijin na NBC yana kafa hujja da abin da New York Times ta buga. Condoleezza Rice, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta je CNN da maganar bututun nan, tana cewa kada a tsaya jiran hujja har hujjar ta zo a siffar hayaƙin bam. A lura da yadda abin ya zagayo. Gwamnati ce ta ba jarida bayani a ɓoye, jarida ta buga, gwamnati ta ɗauko jaridar ta nuna wa jama'a a matsayin shaida daga waje. Magidancin da ya karanta jaridar da safe ya kuma kalli talabijin da hantsi zai rantse ya ji magana daga baki biyu, alhali baki ɗaya ne.

Su kuwa masana injinan tace yuraniyom na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tun kafin nan sun riga sun ce girman bututun da kaurinsu sun fi dacewa da rokokin atilari da Iraƙi ta daɗe tana ƙerawa. Sashen leƙen asiri na Ma'aikatar Harkokin Waje ma bai gamsu ba. Waɗannan mutane suna nan a cikin gwamnati, suna da waya, amma labarin farko bai ɗauko muryarsu ba.

Ba zan ce wannan hanya ba ta da amfani ba. Majiyar sama ce kaɗai za ta gaya maka abin da gwamnati ta ƙudurta, kuma wannan labari ne babba. Wanda ya saurari Cheney a 2002 ya san yaƙi na tafe ba makawa. Tana da sauri, ba ta cin kuɗi, ba a kai ka kotu a kanta. Matsalar tana farawa ne lokacin da ka ɗauki abin da babba ke so a yarda da shi ka rubuta shi kamar abin da aka tabbatar. Kuma akwai bashin da ke taruwa: wanda ya ba ka labari na musamman yau, gobe za ka ji nauyin ƙaryata shi, don ka san ƙofar za ta rufe. Haka aka yi da Ahmad Chalabi da ƙungiyarsa ta 'yan adawar Iraƙi mazauna ƙetare. Burinsu a kifar da Saddam, suna kai wa gwamnati waɗanda suka tsere daga Iraƙi, suna kai wa 'yan jarida su ɗin dai, sai ɗan jarida ya tambayi jami'i ko ya ji wannan magana, jami'i ya ce ya ji, a rubuta cewa an tabbatar.

Hanya ta biyu wani kamfani ne ya bi ta wanda yawancin mutane a wajen Amurka ba su taɓa jin sunansa ba, wato Knight Ridder. A lokacin yana da jaridu kusan talatin a garuruwa irin su Philadelphia da Miami da Detroit, ba shi da ko ɗaya a Washington ko New York. Ofishinsa na Washington yana ƙarƙashin John Walcott, a cikin wakilansa akwai Jonathan Landay da Warren Strobel. Manya ba su cika ɗaukar wayarsu ba, ba a gayyatarsu liyafar dare. Sai suka koma wa masu nazarin bayanan sirri, da hafsoshin soja masu matsakaicin muƙami, da ma'aikatan diflomasiyya da suka shekara da shekaru a kan Gabas ta Tsakiya. Tun 6 ga Satumba 2002, kwana biyu kafin labarin bututun, Landay ya rubuta cewa rashin ƙwaƙƙwarar hujja kan makaman Iraƙi yana damun jami'an Amurka. A farkon Oktoba suka sake rubuta cewa jami'ai da dama a cikin gwamnatin suna ƙorafin ana zuzuta barazanar Saddam kuma ana matsa wa masu nazari lamba su kawo rahoton da zai dace da abin da ake so.

Walcott ya sha bayyana dalilinsu: masu karanta jaridunsu ba su ne masu tura 'ya'yan wasu fagen daga ba, su ne waɗanda ake turawa, don wasu daga cikin jaridun a garuruwan barikin soja suke. A ganina nan ne bambancin yake. Wanda ya san matar soja ce za ta buɗe jaridarsa gobe, tambayar da zai yi daban take da ta wanda ke tunanin sanata ne zai karanta.

Sai dai kada a yi wa matashi alƙawarin da ba haka ba. Wannan hanya tana da wahala kuma ladanta na jinkiri. Ƙaramin ma'aikaci ba ya ganin komai sai ɓangarensa, don haka dole ka tara biyar ko goma kafin hoto ya haɗu. Kusan dukkansu ba za su yarda a ambaci sunansu ba, mai karatu kuma yana da haƙƙin ya yi shakka. Wasu suna da haushin shugabanninsu. Sannan ko ka yi daidai ba lallai a ji ka ba: labaran Knight Ridder ba su hana yaƙi ba, gidajen talabijin ba su ɗauke su ba, har wasu editocin jaridun kamfanin kansa sun gwammace su buga na New York Times. A Washington Post ma an sami irin haka. Walter Pincus ya rubuta labari mai nuna shakku kan hujjojin gwamnati kwanaki kaɗan kafin yaƙi, aka tura shi can shafi na 17.

Batun yuraniyom ɗin Nijar ya isa a tsaya a kansa, don ƙasarmu ta Hausa aka ambata a cikinsa, kuma ya nuna yadda binciken da ba shi da tsada zai iya rusa babbar magana. An yaɗa cewa Nijar ta ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Iraƙi. A Fabrairun 2002 hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya gana da tsofaffin jami'ai, ya dawo ya ce da wuya hakan ta faru, don ma'adinan Arlit suna ƙarƙashin kulawar kamfanin Cogema na Faransa, ba yadda za a yi tan 500 ya sulale ba a sani ba. A Oktoban wannan shekara aka miƙa wa wata 'yar jarida ta mujallar Panorama a Italiya, Elisabetta Burba, takardun da ake cewa su ne shaidar cinikin. Ta tashi ta je Yamai da ƙafarta, ta bincika, ta ga maganar ba ta tsayu ba, ba ta buga ba. Amma kwafin takardun ya riga ya shiga ofishin jakadancin Amurka a Roma bisa umarnin editanta. Ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka.

Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ba a ɗau lokaci ba aka gane na jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan wata na Oktoban 2000 da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar wannan kujera tun 1989. Duk wani tsohon ma'aikaci a Yamai, ko ɗan jaridar da ya san gwamnatocin Nijar, kallo ɗaya zai yi wa takardar ya ajiye. Shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya haka ranar 7 ga Maris, saura kwana 13 a fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, amma maganar ba ta sami gurbin da ya kamace ta a kanun labaran Amurka ba. Sai a Yuli, bayan Wilson ya fito ya rubuta abin da ya gani, Fadar White House ta amince bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba. Mako guda bayan rubutun nasa aka fallasa cewa matarsa, Valerie Plame, jami'ar CIA ce.

Hanya ta uku ita ce mafi jan hankalin matashi mai zafin zuciya, kuma ita nake jin tsoro a kansa. Da ƙarfe 6:07 na safiyar 29 ga Mayu 2003, wakilin BBC Andrew Gilligan yana magana kai tsaye daga gidansa, ba rubutu a gabansa, ya ce wata babbar majiya ta gaya masa an yi wa kundin hujjojin da gwamnatin Blair ta fitar a Satumban 2002 kwaskwarima don ya ƙara tsoratarwa, kuma mai yiwuwa gwamnati ta san iƙirarin cewa Iraƙi na iya harba makaman ƙare dangi cikin minti 45 ba daidai ba ne tun kafin ta saka shi. Majiyarsa ɗaya ce, Dakta David Kelly, masanin makaman ƙwayoyin cuta wanda ya yi aikin bincike a Iraƙi. Gangar jikin labarin gaskiya ce. Iƙirarin minti 45 daga majiya ɗaya ya fito, a kan makaman fagen daga yake magana, kuma a 2004 hukumar leƙen asirin Birtaniya ta janye shi. Amma cewa gwamnati ta san ƙarya ne, wannan Gilligan ba shi da abin da zai kare shi.

Da wannan jimla ɗaya gwamnati ta kama BBC. Alastair Campbell, mai kula da yaɗa labaran Blair, ya mayar da muhawarar daga ina makaman suke zuwa BBC ta yi ƙazafi. Sunan Kelly ya fito, aka zaunar da shi gaban kwamitin majalisa ranar 15 ga Yuli ana yi masa tambayoyi a talabijin, ranar 18 ga wata aka tsinci gawarsa kusa da gidansa. Rahoton Lord Hutton, alƙalin da ya binciki mutuwar, na Janairun 2004 ya ce kashe kansa ya yi, ya wanke gwamnati, ya ɗora laifi a kan BBC. Shugaban hukumar gudanarwa Gavyn Davies da babban darakta Greg Dyke da Gilligan duk suka tafi. Sai a 2016 rahoton kwamitin Chilcot, wanda ya binciki shigar Birtaniya yaƙin, ya ce an gabatar da barazanar Iraƙi da tabbacin da hujja ba ta kai ba. Shekara 13 ke nan, Kelly yana kabari.

Masu adawa da yaƙin ma sun faɗa wannan rami. Jaridar Daily Mirror, wadda ta yi tsayin daka a kan ƙin yaƙin, ta buga hotunan da ta ce sojojin Birtaniya ne ke azabtar da wani ɗan Iraƙi a Mayun 2004, aka gano shirya su aka yi, aka kori editanta Piers Morgan. Wannan ya zo a daidai makonnin da hotunan gaskiya na gidan yarin Abu Ghraib suka fito, ya kuma ba masu son musun azabtarwa abin riƙewa.

In za a tambaye ni, hanya ta biyu zan ce a bi, a riƙe ta farko don sanin niyyar gwamnati kawai, a kuma rubuta ta a haka: minista ya ce, ba an gano ba. Ta uku kuwa mafarin aiki ce. Idan mutum ɗaya ya ba ka magana mai nauyi, ranar ce za ka fara neman na biyu da na uku, kuma abin da ba za ka iya maimaitawa gaban alƙali ba kada ka faɗe shi a makirufo. A nan gida mun ga amfanin gangarawa ƙasa. Kwana biyu bayan sace ɗaliban Chibok a Afrilun 2014, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da dukkansu sai takwas. Shugabar makarantar da iyayen yaran ne suka ce ba haka ba ne, dole aka janye sanarwar. Duk kafar da ta tsaya a kan sanarwar Abuja kaɗai ta yaɗa abin da ba gaskiya ba, wadda ta kira Chibok ta tsira.

Mai saurare da ba ɗan jarida ba shi ma yana da abin dubawa, kuma mafi sauƙi shi ne yadda kafa ke yi idan ta yi kuskure. New York Times ta amsa laifinta ranar 26 ga Mayu 2004, bayan fiye da shekara da fara yaƙi, a shafi na 10, ba tare da ambaton sunan wakili ko ɗaya ba, alhali labaran da take neman gafara a kansu a shafin farko suka fito. Washington Post ta bar wakilinta Howard Kurtz ya binciki gidan, ya ƙirga labarai sama da 140 na shafin farko da suka ginu a kan kalaman gwamnati tsakanin Agustan 2002 da fara yaƙin. Wannan ya fi, ko da yake shi ma ya makara. Yawancin gidajen talabijin ba su ce uffan ba. Tashar MSNBC ma tun a Fabrairun 2003 ta soke shirin Phil Donahue mai kawo masu adawa da yaƙin, wata takardar cikin gida da ta fito daga baya ta nuna ana fargabar shirin zai ɓata wa tashar suna a lokacin da sauran ke ɗaga tuta. Sakamakon bai ɓuya ba: a ƙuri'ar jin ra'ayi da Washington Post ta yi a 2003, kusan kashi 70 cikin ɗari na Amurkawa sun ɗauka mai yiwuwa Saddam na da hannu a harin 11 ga Satumba, abin da ba a taɓa samun hujjarsa ba. Rahoton Duelfer na 2004, na tawagar da aka tura neman makaman a Iraƙi, ya tabbatar babu tarin makaman da aka je nema. Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500, Birtaniya 179, 'yan Iraƙi kuwa farar hula kaɗai sun haura dubu ɗari.

Wanda ya zaɓi hanyar ƙananan ma'aikata ya sani ya ɗauki amanar rayuwar wani. Babban jami'i in ya tsegunta maka labari ba abin da zai same shi, sau da yawa ma da izini ya yi. Ƙaramin kuwa aikinsa da fanshonsa da 'yancinsa ya sa a hannunka. Katharine Gun, mai fassara a hukumar sauraren sirri ta Birtaniya, ita ta fitar da takardar da ke nuna Amurka na neman a taya ta leƙen asirin ƙasashen Kwamitin Sulhu da ba su yanke shawara kan yaƙin ba, ciki har da Kamaru da Gini da Angola. Jaridar Observer ta buga a farkon Maris 2003. Gun ta rasa aikinta, aka tuhume ta da karya dokar sirri, ta kusa shekara tana jiran makomarta kafin gwamnati ta janye ƙarar a Fabrairun 2004. Saboda haka kafin ka buga, zauna da majiyarka ka tambaye shi mutum nawa ne suka ga takardar nan a ofishinsu. In su uku ne, siffanta shi da muƙaminsa daidai yake da faɗin sunansa. Ku amince a kan kalmomin da za a kira shi da su, ka gaya wa editanka ko wane ne tun kafin rigima ta tashi, ka kuma ji daga bakin editan ko gidan zai tsaya maka in aka zo neman suna.